Ƙaramar Fitilar Ƙasan Sitiyari

Dabuleni, 21 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Dorin,

Gaisuwa mai yawa daga gida, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk tashar da jirginku ya tsaya. Allah ya kwantar muku da teku, ya kiyaye ka daga injin nan da kake yini a gindinsa, ya dawo mana da kai a watan Nuwamba kamar yadda aka ce. Mu nan lafiya. Mama ta fara cin abinci, ba da yawa ba, amma tana ci. Goggo Profira ba ta koma gidanta ba tun ranar jana'iza; ƙafarta ta hagu tana kumbura da yamma, bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau. Matarka Mirela ta zo ranar Juma'a da 'yarku Anuta, sun koma ranar Lahadi, kuma yarinyar ta fitar da haƙora biyu na sama. An yi sadakar arba'in ɗin Baba ranar Asabar, 17 ga wata. A ƙidayata kwana talatin da takwas ne, na kuma faɗa, amma limamin coci ya ce ranar Asabar ake yi, kuma gara a gabata da a wuce.

Na zaɓi in rubuta ne saboda wayar jirginku ba ta wuce minti huɗu take yankewa, kuma duk sanda ka kira Mama tana tsaye a kafaɗata. Sau biyu ka tambaye ni a-kori-kurar Baba, sau biyu na ce maka tana nan. A lokacin gaskiya ne. Yanzu ba ta nan. Na san ka ce a ajiye maka ita, don haka zan ba ka labarin daki-daki yadda ya faru, kai kuma ka yi fushin da ka ga ya dace bayan ka karanta.

Abin da ka riga ka sani shi ne Baba ya rasu ranar Alhamis, 11 ga Yuli, mako ɗaya cif bayan na kare aikina na ƙarshe a jami'a. Kawu Zamfir, maƙwabcinmu na gonar kankana, shi ya same shi wajen sha ɗaya da rabi na safe, zaune a kujerar direba, makullin motar yana aljihun wandonsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma zai kai awa ɗaya da rabi da cikawa. Abin da ba ka gani ba shi ne Mama bayan nan. Ba mutuwar ce ta fi cin ranta ba, Yaya. Tafiyar da ya yi babu kyandir a hannunsa ce. Ka san yadda tsofaffinmu suke: wanda ya cika ba a kunna masa haske ba, a duhu zai yi ta lalube a can. Kullum da sassafe tana zuwa kabari da turare da kyandir, ta dawo ta zauna gaban fitilar mai da ke ƙarƙashin hoton Maryamu tana gadinta kada ta mutu. Ba ta kuka. Ba ta barci kuma. Idan na ce ta kwanta sai ta ce da wane ido za ta yi barci, mutum shekara talatin da huɗu yana kunna mata murhu kafin ta tashi, ita kuwa ashana ɗaya ba ta ƙyasta masa ba.

A kwana na goma sha biyu ta kira ni da Goggo ta ce ta yanke shawara. Kayan sawa da gado da tebur da za a bayar ranar arba'in duk za a bayar, amma har da motar, domin abin da aka bayar a nan shi yake samu a can, kuma motar tana da fitilu. Ta ce Kawu Zamfir za a ba, tunda ba jininmu ba ne, sa'an Baba ne, kuma keken doki kawai gare shi. Goggo ta ce to sai dai a ba shi ya kwana a ciki, don kowa ya san fitilun motar nan tun bikin Ista suka mutu, kuma aika wa mamaci mota marar fitila kamar aika masa takalmi ƙafa ɗaya ne, zai ɗauka ana yi masa ba'a. Sai Mama ta juyo ta dube ni ta ce ai akwai injiniyar lantarki a gida. Ba da gatse ta faɗa ba. Da ma da gatsen ne.

Ban taɓa gaya maka wannan ba. Da Ista, bayan mun fasa jan ƙwai, Baba ya ja ni rumfa ya buɗe bonet ya nuna mini inda ɓeraye suka ci wayoyi lokacin sanyi. Ya ce ya ji ƙaurin roba, shi ya sa ya zare fis ɗin manyan fitilu. Ya ce injiniya ta taimaka wa talaka da iliminta mana, ko sai an rubuta mata takardar neman alfarma. Na ce masa sai bayan jarrabawa. Ya ce ba komai, rani ne, rana tana yi masa aikin kyauta.

Motar ta yi kwana shida a gona kafin surukin Kawu Zamfir ya jawo ta gida da tarakta, ranar 17 ga Yuli. Da na gwada batir ɗin babu ko ɗigon wuta a cikinsa. Ban yi mamaki ba, na ɗauka wayoyin da ɓeraye suka ci ne suka haɗu suka zuƙe shi. Na yini biyu ina dubawa, na ga faci ba zai yi ba, sai an cire wayarin ɗin gaba ɗaya, tun daga fitilun gaba har na baya. Na sami sabon damin wayoyi a wajen wani mai kayan gyara a birnin Craiova, a cikin takardarsa, ya ce ya fi shekara ashirin a kan kanta yana jiran mahaukaci irina. Ya haɗa mini da zanen wayoyin na ainihi.

Kafin in taɓa komai na ɗauki hotuna ɗari biyu da goma sha biyu. Na sayi salatif na takarda, duk bakin wayar da zan cire sai na liƙa masa lamba na rubuta a littafi. A zane bakin waya sittin da takwas ne. A motar Baba saba'in da huɗu na ƙirga. Ka tuna naɗin wayar wutar gida mai kore da rawaya da ya samo shekarar da aka rushe tsohon ofishin gona? Da ita ya yi duk facin da ya yi a rayuwarsa, don haka rabin abin da ke ƙasan sitiyari launi ɗaya ne, kuma ƙullin duk irin na buhun kankana. Biyar daga cikin shidan da suka ƙaru na gane su: rediyo, soket ɗin tirela, da uku da ba sa zuwa ko'ina. Ta shidan ta shige can bayan wani tsumma da aka cusa sama da birki, ban bi ta can ba, na gaji, sai na datse ta daga inda na iya, na rubuta mata "74, ban sani ba", na jefa a bokiti tare da sauran.

Aikin ya ɗauke ni kwana goma sha tara. Ina shiga rumfa ƙarfe shida, in fito idan Goggo ta kira ni cin abinci. Na ɗaura igiya a jikin tsohon damin kafin in zare shi ta ramin da ke tsakanin injin da cikin mota, don in jawo sabon da ita; sau uku yana maƙalewa sai da na shafa wa robar sabulu. Duk inda waya take kama jikin ƙarfe na kankare tsatsa har ya yi fari. Hannuwana duk yanka ne, amma sai na zo wanke su nake gani. Goggo takan zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce shekara huɗu ana aika mini da cuku da kaji Craiova, ashe kwanciya ƙarƙashin mota ake koya mini, abin da kyanwar gidan nan ta iya tun tana jaririya. Kawu Zamfir kuma kullum sai ya leƙo duba gadonsa, kamar yadda yake faɗa. Ya ce ubana da wuƙa da haƙori yake gama irin wannan kafin shayi ya huce, ni kuwa har waya sai na yi mata takardar haihuwa. Ina jin su. Na san abin dariya ne, nakan ma buɗe baki yadda ake yi. Amma a gaskiya, Yaya, tun ranar da aka kira ni ban ji komai ba, kamar an yi mini allurar cire haƙori a jiki duka. A wajen jana'iza kusoshin akwatin gawar na tsaya ƙirgawa. Aikin nan ya yi mini daidai don bai bukaci in ji wani abu ba, sai dai ja ta tafi wajen ja, baƙa wajen baƙa.

Ranar Litinin, 12 ga Agusta, na zo mayar da makunnin fitila, wannan baƙin da ake ja waje da ke hagun sitiyari. Na buɗe hotunan farko don in ga yadda yake zaune. A hoto na tara, wanda na ɗauka kafin in taɓa ko kusa ɗaya, makunnin a jawe yake. Ya fito kamar faɗin yatsa biyu, har farin ƙarfensa ana gani. Na daɗe ina kallo. Baba ya bar gida ƙarfe bakwai saura, rana ta riga ta fito. Ya fi kowa sanin fitilun ba sa aiki, shi ya zare fis ɗin. Kuma ka san shi da batir, rediyo ma ba ya bari a kunna idan injin ba ya tafiya.

Na tafi gona na sami Kawu Zamfir na tambaye shi ko ya taɓa makunnin ranar nan, ko surukinsa ya taɓa ranar da suka jawo motar. Ya ce a'a. Na sake tambaya ta wata hanya, sannan na sake. Ya ce 'yar nan ko 'yan sandan zamanin da ba su titsiye shi haka ba, me zai kai shi kunna fitila da tsakar rana yana rungume da gawar abokinsa. Sai ya ƙara da cewa in ma gwiwar wani ta buge shi, ciki zai shiga ba waje ba, kuma makunnin nan tauri gare shi kamar Profira, sai an sa ƙarfi. Da ya faɗi haka sai ya cire hularsa, ya mayar.

Na koma rumfa na juye bokitin a ƙasa. Da yake kowace waya tana da lamba, na shimfiɗa tsohon wayarin ɗin kamar yadda yake a mota, na haɗa inda na yanke, na sa masa cajajjen batir da mita. Idan makunnin yana ciki, ko kaɗan wuta ba ta fita. Ke nan ba ɓeraye ne suka kashe batir ɗin ba, ni ce na ɗauka haka ban gwada ba. Idan aka ja makunnin, da yake fis ɗin fitilu a zare yake, waya ɗaya ce kawai take samun wuta, ta saba'in da huɗu. Baba ya ɗauko ta kai tsaye daga bayan makunnin, ya yi mata nata fis ɗin daban. Na kwanta a ƙasan sitiyari na zaro tsumman nan da filaya. A bayansa akwai ɗan ƙwan fitila mai wat biyar ɗaure da waya a jikin ƙarfe, kusa da shi kuma kwalin taba mai kara bakwai. Baba da ya rantse wa Mama a gaban limami ya daina shekara shida da suka wuce. Na haɗa ƙwan da batir, ya kama.

Ga lissafin, don kada ka ce na ƙawata. Ƙwai mai wat biyar yana jan ƙasa da rabin amfiya kaɗan. Batir irin na Baba, da tsufansa, zai riƙe shi kwana huɗu, in ya yi ƙoƙari biyar. Motar ta yi shida a gona, nesa da hanya, hasken kuma ƙasa yake kallo. Muna wanka, muna makara, muna dafa alkamar sadaka, ita tana can cikin kankana da fitilarta a kunne.

Kwana biyu ban gaya wa kowa ba, ina maimaita gwajin. Na kuma rufe rumfa na toshe kafar ƙofa da buhu, na auna hasken ƙwan da wayar hannuna, sannan na riƙa kunna kyandir irin na coci ɗaya bayan ɗaya a daidai wannan nisan har suka yi daidai, don na san abin da za a tambaye ni. Na mayar da waya ta saba'in da huɗu mazauninta a jikin sabon wayarin ɗin. Ba ta cikin zane, kuma ƙullin irin na Baba na yi mata, wanda da a jami'a ne da an kayar da ni a kansa.

Ranar Laraba bayan abincin rana na kawo Mama rumfa na rufe ƙofa. Na zaunar da ita a gefen direba, inda ta saba zama. Na zare fis ɗin manyan fitilu don ta ga abin yadda yake a ranar, na nuna mata hoton, na faɗa mata duk abin da na rubuta maka, sannan na ja makunnin. Hasken ya sauka daidai inda ƙafafun direba suke, ya ɗan taɓa kujera. Ta daɗe tana kallo. Sai ta tambaye ni ko ya kai kyandir ɗaya. Na ce ya kai huɗu, na auna. Ta ce huɗu. Ta ce shi da ma babanmu Anghel almubazzari ne, ɗaya ma ai ta isa. Na nuna mata kwalin tabar ina tsoron abin da za ta ce, sai ta ce in mayar inda na gan shi, ita ai duk ranar Lahadi tana zura hannu ta ƙirga karan, fitilar ce dai ba ta taɓa sani ba, don ita da lalube take yi. Daga nan ta jingina kanta da gilashi. Na ɗauka addu'a take yi. Barci ne. Ta yi awa biyu da minti goma, ni kuma ina zaune a kujerar Baba ina duba mita kada batir ya yi ƙasa.

Goggo ba ta yarda nan take ba. Ta ce lantarki ba a sa masa albarka ba, kuma fitilar neman taba ba za ta raka mutum ko'ina ba sai shagon taba. Washegari, ranar idin Maryamu, ta tare limami a ƙofar coci ta ba shi labarin. Ya ce ba a koya musu wannan a makaranta ba, amma mutumin da ya ji mutuwa ta zo, bai nemi makulli ba ya nemi haske, shi dai ba zai ce a duhu yake ba. Goggo ta ce in haka ne to ya rage mata tsawon kyandir ɗin da yake sa ta riƙewa, hannunta ya gaji. Amma a hanyar gida na ga tana share hanci da bakin ɗankwalinta.

Na tambayi Mama ko yanzu za a iya bar maka motar, tunda ya riga ya sami haskensa. Ta ce a'a, wancan na fitar rai ne, hanya kuwa da nisa. Na faɗa mata ka roƙa. Ta ce kai kana da jirgi.

Ranar Asabar bayan an dawo daga kabari aka fito da ita bakin ƙofar gida. Na wanke ta, Mirela ta ɗaura tawul a madubi. Ƙarfe goma sha biyu da kwata na kunna komai: manya, ƙanana, na baya, sigina hagu da dama, ham. Duk sun yi. Mama ta miƙa wa Kawu Zamfir makullin a cikin sabon tawul tare da burodin sadaka da kyandir a kunne, ta ce don ran Anghel. Ya karɓa ya ce bogdaproste, wato Allah ya gafarta masa, sau uku yadda ake yi. Ya shiga, ta mutu masa sau biyu kafin ta tafi, ya kuma goga gefenta da ginshiƙin ƙofa, Goggo ta ɗaga murya ta ce wannan ba doki ba ce da za ta kauce da kanta. Mutane suka yi dariya, har Mama ta ɗan yi. Ya bi hanyar gona da fitilu a kunne, rana tsaka, ba a ma ganinsu sai an matsa kusa. Ƙaramar tana ciki, kwalin tabar ma yana ciki.

Saura abu ɗaya, wannan kuma tsakanina da kai ne. Duk abin da na gaya wa Mama gaskiya ne, ban ƙara ko wat ɗaya ba. Amma ba ni da na'urar da za ta gaya mini ƙarfe nawa aka ja makunnin, ko me ya sa. Zai yiwu haske ya nema. Zai yiwu taba ya nema, ya ja don ya ga kwalin, abin ya same shi a nan. Ban faɗa mata wannan ba, kada kai ma ka faɗa. Na kuma san da na zauna na yi aikin nan tun Ista, da abin da zai kama masa fitilu biyu ne masu wat hamsin da biyar kowace, ba wannan ba. Ina rubuta wannan ina jiran in ji wani abu, bai zo ba tukuna. Goggo ta ce zai zo, wai yakan sami mutum ne a wuri marar dalili, kamar layin burodi. Ina jira. An kira ni ganawar neman aiki a Craiova ranar 2 ga Satumba, zan je.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa safa ko da zafi, ƙarfen jirgi yana shiga ƙashi. Goggo Profira tana gaishe ka, ta ce in ka dawo da gemun nan na hoto ba za ta buɗe maka ƙofa ba. Kawu Zamfir ya ce motar taka ce duk ranar da ka so tuƙawa, in dai za ka dawo masa da ita. Ka gaida ɗan Kawu Pamfil, Nelu, in har yanzu kuna jirgi ɗaya, ka ce uwarsa ta karɓi saƙonsa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi.

Na sa maka hoto na tara a cikin ambulan ɗin nan. Na kalle shi har idona ya daina gane abin da yake gani. Ka duba gefen hagun sitiyari a wuri mai haske, in ka kira kada ka yi bayani, Mama za ta kasance kusa. Ka ce mini kawai makunnin a waje yake ko a ciki.

Ƙanwarka,
Sorina